Ɗaurin Rago Ya Je Yawunde

Tun da muka dawo ban fito daga masallaci sau ɗaya na wuce gida kai tsaye ba. Sai wani ya riƙe mini hannun riga: Alhaji, yaya Kamaru, da gaske kujera kuka kai? Na ba da labarin a tsaye, na ba da shi a zaune, har an fara mayar mini da shi da ƙarin da ban sani ba. Jiya wani ya tabbatar mini cewa a jirgin sama muka je. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa.

Mu biyu muka tafi, ni da Malam Habu. Ɗan kawuna ne, taubashina ke nan, don haka duk abin da kuka ji na faɗa masa kada ku ɗauka faɗa ne. Gidansu na Shahuci gidan magina ne tun kakanni. Mahaifinsa, Kawu Isa, Allah ya jiƙansa, ya ɗaura bakan gizon zaure da yawa a cikin gari. Wanda bai taɓa ganin ana yi ba, ga yadda yake: ana jera azara daga bango, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure su da igiya tam, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama su riƙe rufin ba tare da ginshiƙi ba. Da siminti ya kore ginin ƙasa, Habu ya koma walda a Ƙofar Ruwa, yana yin ƙofofi da gadaje.

Ni kuwa bayana ya lalace. Na yi fataucin goro zuwa Abijan, na yi tafinta a Jidda da Istambul da Guangzhou, kuma duk zaman mota da na jirgi da na yi, a ƙugu ya taru. Na zauna a kujerun ofis masu tsada a ƙasashe da dama, babu wadda ta bar ni na yi awa guda ban miƙe ba. Da Habu ya gaji da kukana sai ya yi mini kujera. Majinginarta siraran ƙarafa ne a jere kamar azarar bakan gizo, kowane ya zarce ɗan'uwansa, an riƙe su da wasu zobba. In ka jingina sai ka ji ta bi bayanka gaɓa-gaɓa, in ka taso ta biyo ka.

Wata rana wani Alhaji mai shigo da kayan ofis daga Sin ya zo gaishe ni a Ƙofar Mazugal. Ya zauna a kanta, sai na ga yana auna majinginar da taƙi yana yi kamar ƙura yake sharewa. Na san wannan awon. Na tsaya a masana'antun can ina fassara, na ga yadda hoto ɗaya a waya yake komawa kwantena. Ban bari sati ya zagayo ba sai da na ja Habu Abuja muka yi wa kujerar rajistar mallakar ƙirƙira.

Amma takardar Nijeriya a bakin iyaka take tsayawa, kayan Kano kuwa Nijar da Chadi da Kamaru suke tafiya. Waɗannan ƙasashe ofishi ɗaya ne yake ba su irin wannan takarda, a Yawunde, kuma doka ta ba mutum wata goma sha biyu daga rajistarsa ta farko ya kai can ba tare da wani ya sha gabansa ba. Na samo lauya, Madam Ngono. Ta rubuto cewa ta ga zanen, amma bayanin bai nuna mata abin da yake sabo ba, tana son ji daga bakin wanda ya yi. Sau uku na haɗa su a waya ina fassara, sau uku Habu yana cewa to, haka ne, madalla. Kullum akwai ƙofofin wani da bai gama ba. Ranar da ya ce ya shirya mu je can da kanmu, saura kwana tara wa'adin ya cika, Talatar sama.

Litinin da sassafe muna tashar Unguwa Uku. Madam ta ce kada a riƙa nuna wa jama'a kujerar, sai Habu ya cire mata ƙafar mai tayoyi ya sa a buhu, sauran kuma ya naɗe da farin alawayyo, wai shi ne ya samu a kusa. Direba ya ce a ɗaura a sama. Habu ya ce sai dai a ɗaura shi ita ta zauna. Haka kujera ta samu kujera a tsakaninmu har Yola.

Kafin mu kai Birnin Kudu ya fara yi wa wata ma'aikaciyar asibiti da ke bayanmu bayanin zobban dalla-dalla, sai da na taka masa ƙafa. Ban ga laifinsa sosai ba. A Kano mai sana'a a bakin titi yake aikinsa, duk wanda ya ga dama ya tsaya ya kalla har ya ba da shawara. A Guangzhou kuwa tun a ƙofa suke karɓe maka waya. Na gaya masa haka, ya ce to ai su ɓarayin juna ne. Na ce mu fa? Ya ce mu aro muke yi.

Taya ta fashe mana bayan Gombe, ruwa ya kama mu a Numan. Mun sauka a Jimeta wurin wani tsohon abokin fataucina, aka kawo mana tuwon masara da miyar kifi. Habu ya ci ya yi barcinsa. Washegari muka isa bakin kogin Faro ta Gurin, masu kwalekwale suka ce ruwa ya yi ƙarfi, ba mai tsallakawa sai gobe. Na yi musu magana da Fulatanci, na yi da Hausa, har na ɗan taɓa Larabci don su ji nauyina, ko kallona ba su yi ba. Yinin nan na taka bakin kogin ya fi sau ashirin. Habu ya samu wata rumfa yana duba yadda aka ɗaura ta, yana gaya wa mai ita cewa ba za ta kai kaka ba.

Laraba muka shiga kwalekwale, muka kwantar da kujera a tsakiya cikin farin alawayyonta, ni ta kai shi ta ƙafa. Na lura hira ta mutu. Wani dattijo ya cire hula, wata Bafulatana ta matsa da ɗanta gefe, can ta tambaye ni a hankali ko yaro ne ko babba. Kafin in gama fahimta an shafa Fatiha. Habu, da ba ya jin Fulatanci, ya ga ana addu'a shi ma ya ɗaga hannu ya ce amin. Ban iya gaya musu gaskiya ba sai da muka taka ƙasa, kuma dattijon bai yi dariya ba.

A ɗaya gefen jami'in kwastan ya sa aka kwance. Mutumin kudancin Kamaru ne, ya tsinci Hausar kasuwa. Habu ya ɗaura ƙafar, jami'in ya zauna don ya tabbatar kujera ce, sai ya jingina, ya lumshe ido, ya bar layi yana jira. Da ya buɗe ido ya tambayi Habu wa ya yi ta.

"Gado ne, ranka ya daɗe," in ji Habu.

"Wannan kujera ce, Malam. Gado na barci."

Na shiga tsakani na bayyana masa da Faransanci cewa akwai gadon kwanciya, akwai gadon da mutum yake samu daga iyaye. Ya yi dariya ya buga mana hatimi. Ni ma na yi dariya, ban san kalmar nan tana jirana a gaba ba.

Ranar muka kwana a Garwa, gari ne mai zafi, kuma Fulatanci ne yake sayen komai a kasuwa, kamar yadda Hausa take yi a wurinmu. Miyar yakuwa suke ji da ita, suna ce mata folere. Burodinsu doguwar sanda ce mai tauri, Habu ya ce ya dace da ɗaura rufi. Alhamis muka hau bas zuwa Ngawundare, hanya tana hawa dutse tana lanƙwasa har kunne ya toshe, muka iske sanyi. Muka kuma iske jirgin ƙasan ranar ya cika, sai na Juma'a da yamma. Na tsaya gaban tagar tikiti ina ƙirga kwanaki da yatsu kamar za su ƙaru. Da na juyo ban ga Habu ba. Can na hango shi ya ɗaga kai yana kallon ƙarafan rufin tasha, hularsa a hannu don kada ta faɗi. Ko ina muka shiga haka yake, masallaci ko gidan abinci, rufi yake fara gaisarwa kafin mutane. Ya ce wanda ya yi wannan ya san aiki, amma ya yi ɓarnar ƙarfe, Baba da rabin haka zai rufe shi.

Jirgin kwana yake yi a hanya. Gari ya waye mana a cikin daji mai duhu, irin wanda na sani a hanyar Abijan, Habu kuwa bai taɓa gani ba. A kowace tasha mata suna miƙo kaya ta taga, ayaba da zuma da wani abu dogo da aka naɗe da ganye aka ɗaure da zare. Rogo ne da aka jiƙa aka dafa. Habu ya karɓa ya gatsa har da ganyen da zaren. Matar da ke gabanmu ta ƙwace ta ɓare masa tana faɗa da Faransanci. Ya ci, ya ce warinsa kamar rijiyar da aka daɗe ba a ja ba, ya kuma sayi biyu.

Asabar muka sauka a Yawunde, ofisoshi a rufe har Litinin. Garin duk tudu ne da gangare. Tasi ɗinsu ba ya tsayawa sosai, rage gudu yake yi ka faɗa masa unguwar da za ka ta taga, in ta yi masa ya danna ham, in ba ta yi ba ya wuce ko uffan. Motoci shida suka wuce mu da suka ga farin alawayyo. Mun sauka a unguwar Hausawa, gidan wani Alhaji Ummaru wanda kakansa ya zo daga Kano, shi kuwa bai taɓa ganinta ba. Hausarsa tsaf, sai dai kasuwa ta koma marshe, tsire ya koma soya. Tambayarsa ta farko ita ce ko ganuwa tana nan. Na ce wani wurin tana nan. Ya ɗauke mu kamar 'yan'uwa, matarsa ta yi mana miyar shuwaka da gyaɗa wadda ban taɓa cin irinta ba. Amma kwana biyun nan ban zauna ba. Kujerar da aka yi don bayana tana jingine a lungu a naɗe, ni ina zagaya tsakar gidan mutane.

Litinin da hantsi muna ofishin Madam Ngono, a bene na uku. Mace ce mai furfura, ba ta da yawan murmushi. Ta zauna a kujerar, ta jingina, ta taso, ta sake jingina. Ta zagaya ta baya ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗauko takarda ta ce in tambayi Malam yadda aka yi ya ƙirƙiro wannan.

Habu ya gyara zama. Ban taɓa jin ya yi doguwar magana irin ta ranar ba. Ya ce shi bai ƙirƙiri komai ba, gado ne. Haka ya tarar ana yi a gidansu, ubansa ya koya wurin kakansa, kakansa wurin nasa uban. Ya ce ta je Kano ta shiga kowane tsohon zaure ta ɗaga kai za ta gani, yaro ma ya san shi.

Na yi shekaru ina tafinta, ban taɓa sauya wa mutum magana ba. Ranar na sauya. Na ce mata Malam ya ce ya daɗe yana tunani a kan abin, kuma gine-ginen garinmu sun ɗan ba shi haske.

Ta ajiye biro, ta dube ni ta saman tabarau, ta ce da Hausa, "Alhaji, ya ce gado. Ya ce kaka."

Ashe mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, a Ngawundare ta tashi cikin 'ya'yan Hausawa. Ban san inda zan sa fuskata ba. Habu kuwa daɗi ya kama shi, ya fara gaishe ta daga farko.

Ta koma Faransanci, ta ce in fassara daidai wannan karon. Takardar nan ana ba da ita ne ga abin da ba a taɓa yi ba. In gado ne, kowa ya san shi, to na kowa ne, har da mai kwantena. Kuma akwai layin da ake rubuta sunan wanda ya ƙirƙira, ba za ta rubuta sunan mutumin da ya ce ba shi ba ne.

Habu ya saurara har ƙarshe, ya ce to ba komai, a naɗe kujera mu koma gida.

Na ce masa kwana bakwai muna hanya, an yi wa kujerar nan Fatiha a tsakiyar kogi, kalma ɗaya ce ta rage, ka ce ni na yi. Ya ce a Abuja ba wanda ya tambaye shi haka. Na ce a Abuja ni na cike takarda na nuna maka inda za ka sa hannu. Ya ce ai shi ya sa.

"Alhaji, a garinmu wa ake cewa ya ƙirƙira? Mai ƙarya. Ka taɓa jin an ce wane ya ƙirƙiri gaskiya? Kuma in tsaya gaban baƙuwa in ce ban koyi komai wurin Baba ba, saboda takarda?"

Na san abin da yake nufi. Ƙasashen da na zaga, mutum yana yin abu zai buga sunansa a jiki. A Kano kuwa marini da dukawa da wanzami, in kana son ka yarda da aikinsu, abin da za su ce maka shi ne a gida na tarar. Wanda ya ce shi ya fara, sai a ce wa ya koya masa. Abin da yake ɗaga darajar aiki a Shahuci shi ne yake kashe shi a bene na uku a Yawunde, gobe kuma Talata.

Madam ta bar mu muka gama. Sai ta kwaso fensira daga gwangwani, ta zare igiyar wani fayil, ta tura gabansa, ta ce ya nuna mata yadda mahaifinsa yake ɗaurawa. Nan da nan hannunsa ya kama aiki. Ya jera fensiran kowane ya zarce na ƙasa, ya naɗe, ya ja da haƙori, ya ƙulle. Ta danna da yatsa, ko motsi. Ya ce haka ake yi, in ya motsa rufi ya faɗo wa mutane.

Ta tashi ta je bayan kujerar, ta danna majinginar. Ƙarafan suka zame a cikin zobban, suka lanƙwasa, suka dawo. Ta ce, da Hausarta, "Wannan yana motsi. Haka babanka yake ɗaurawa?"

Fuskar Habu ta sauya. Ya ce Allah ya kiyaye. Ya ce yana yaro ya taɓa yin irin wannan ɗauri a wani zaure, ya bar igiya sakwa-sakwa, Kawu Isa ya hau ya taɓa, ya yanke igiyar ya zane shi da ita a gaban leburori, ya ce wannan ɗaurin rago ne, aikin malalaci, kada ya sake ganinsa a gidansa. Ya ce da zai yi mini kujera, da farko ya matse komai yadda aka koya masa, ta fito kamar bango. Ya yi ta fama, daga ƙarshe ya sassauta zobban ya bar ƙarafan suna zamewa, kuma ya rufe shago ya yi, don kada wani ɗan gidansu ya gani. Duk shekarun nan bai taɓa gaya mini ba.

"Ki rubuta abin da za ki rubuta, Hajiya," in ji shi, "amma kada ki sa sunan Baba a kan wannan. Bai taɓa yin ɗaurin rago ba. Laifina ne ni kaɗai."

Madam ta dube ni, na fassara kalma da kalma, ko da yake na san ta ji. Ta jawo zanen Abuja ta nuna zobban, ta ce suna nan tun farko, ba wanda ya gaya mata cewa su ne sabon abin. Sannan ta juyo da takardar ta ɗora yatsa a kan layin, ta ce in gaya masa abin da ake tambaya a nan ke nan, laifin wa ne.

Ya daɗe yana kallon layin. Ya karɓi biro ya rubuta sunansa da ajami.

Yinin nan suka yi ita da shi suna bayanin zobe, ni ina tsakiya, har na manta da la'asar sai da ya tuna mini. Talata kafin azahar ta shigar da takardun, ta kawo mana shaidar karɓa mai hatimin ranar. Masu tambayata ko an ba mu, amsa ita ce ba a ba mu ba tukuna. Za su duba, kuma dubawar tana ɗaukar lokaci. Abin da muka samu shi ne layi, ba wanda zai shiga gabanmu. Har yanzu in waya ta yi ƙara na ga lambar waje sai gabana ya faɗi.

Dawowa ba ta da labari, sai dai mun sauya wa kujera mayafi, Alhaji Ummaru ya ba mu atamfa mai furanni.

Sati biyu da dawowarmu Alhajin nan mai kayan Sin ya zo yi mini barka da hanya, ya tarar da Habu a zaurena. Ya ga takardar a bango, ya karanta abin da ya iya, bai auna komai ba wannan karon. Ya zauna a kujerar ya jingina, ya ce, don ya yaba, "Malam Habu, wannan kam a gida ka gada ko?"

Na ajiye kofin shayina ina jira. Habu ya ɗaga kai ya dubi rufi, kamar yadda ya saba, ya daɗe.

"A'a," in ji shi. "A gida dukana aka yi a kanta."